Haɗa Murhun Gashi da Gas ɗin Ɗakin Bayan A-kori-kura

Yarona, ka tambaye ni game da a-kori-kurar nan da aka shigo da ita daga Amurka, mai ɗakin kwana ɗore a bayanta. Ka ce mai motar ya jona ƙaramin murhun gashin namansa a bakin gas da ke gefen ɗakin, wutar ta fito kamar ta kyandir, kana so ka san ko za ka faɗaɗa hudar da gas ke fita a murhun. Kada ka taɓa wannan huda, domin murhun lafiyarsa ƙalau, laifin yana wajen haɗin.

Gas ɗin furofen da ke cikin tukunyar motar ruwa ne a matse, kuma a yanayi mai matsakaicin zafi matsinsa yana haura psi 100 (psi ma'aunin ƙarfin matsi ne), idan rana ta dake shi ya ƙara hawa. Babu na'urar da ke cikin ɗakin da za ta iya ɗaukar wannan ƙarfi, shi ya sa aka sa regileta, wato na'urar rage matsi, mai hawa biyu a bakin tukunyar. Hawan farko yana sauko da matsin zuwa kusan psi 10, na biyu kuma ya kai shi ma'aunin da Amurkawa ke kira inci 11 na ruwa, wanda bai kai rabin psi ɗaya ba. Da wannan ɗan matsi murhun girki da firji da na'urar ɗumama ɗaki suke aiki, kuma bakin da ke gefen motar daga wannan layi aka ja shi.

Shi kuwa murhun gashin, an ƙera shi ne don ƙaramar kwalbar gas mai nauyin fam 1, wadda matsinta daidai yake da na babbar tukunya, saboda haka yana da tasa regiletar a jikinsa. Da mai motar ya jona shi a bakin gefe, gas ɗin da aka riga aka karya wa ƙarfi ya sake shiga wata regileta da ke jiran matsi mai yawa, ta kasa buɗewa yadda ya kamata. Abin da ka gani ke nan.

Gyaran da na fi so shi ne ka bar murhun yadda yake, ka sa mahaɗi mai baki uku tsakanin tukunya da regiletar motar, ka ja tiyo mai jure babban matsi daga nan zuwa regiletar murhun. Ta haka gas ɗin gashi ya bi ta regileta ɗaya tak, kuma idan mai shi ya so komawa ga ƙaramar kwalba ba a lalata masa komai ba. Sai dai ka sani cewa tiyon yana ɗauke da cikakken ƙarfin tukunya, don haka tiyon girkin gida da ake ɗaure shi da waya ba shi da gurbi a nan, sai wanda aka rubuta ma'aunin matsinsa a jiki, aka matse bakinsa tun daga masana'anta.

Ana kuma iya cire regiletar murhun a jona shi kai tsaye da bakin gefe, amma wannan yana yiwuwa ne kawai idan an ƙera kan murhun don ƙaramin matsi, kuma maɓallin rage wuta a rabe yake da regiletar. A wasu murhu abu ɗaya ne, idan ka cire shi ka rasa abin sarrafa wuta. Babban haɗari shi ne a gauraya hanyoyin biyu, a cire regiletar murhu sannan a jona shi a mahaɗin da ke gaban tukunya. Na taɓa ganin hakan a hannun wani da ya ɗauka duk bakin gas ɗaya ne, harshen wutar ya tashi ya fi tsayin mutum, Allah ne ya kiyaye.

Kafin ka yanke hukunci, duba wani ƙaramin abu. Mahaɗin tukunyar Amurka yana da ɗan bawul a ciki da ke taƙaita gas idan ya ji kwarara ta yi yawa, kuma buɗe tukunya da sauri alhali murhu yana buɗe yakan tsokane shi, wuta ta yi rauni iri ɗaya. Rufe komai, jira minti ɗaya, sannan ka buɗe tukunyar a hankali.

Idan ka gama haɗi, shafa kumfar sabulu a kowace gaɓa, ban da gwaji da ashana. Tef mai launin rawaya na zaren bututu ne kaɗai, ba a naɗa shi a mahaɗin da bakinsa ya buɗe kamar kakaki, domin ƙarfe da ƙarfe ne ke toshe shi. Furofen ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, don haka kada ka toshe hudojin da ke ƙasan akwatin tukunya. Ka gaya wa mai motar cewa gashi a waje ake yinsa, nesa da jikin ɗakin, saboda hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai kisa da ba ta da wari. Gobe ka zo mini da murhun da takardarsa, mu duba regiletarsa tare kafin ka sayi ko da tiyo ɗaya.