Haɗa guntayen bidiyo ba tare da hoton ya dushe ko fayil ya kumbura ba

Malam, ka ce in ka haɗa guntayen bidiyo, ko hoton ya dushe ko fayil ɗin ya ninka girma. Dalilin shi ne manhajarka tana sake matse bidiyon daga farko. Kowane matsi yana cinye wani abu daga hoton, kuma don ɓoye asarar sai manhajar ta ƙara yawan bayanan kowace daƙiƙa, fayil ya kumbura.

Abin da ya dace shi ne a liƙa su kawai. Da FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da ake ba wa umarni a rubuce, rubuta fayil mai suna jeri.txt, kowane guntu a layinsa, kamar haka: file 'kashi1.mp4'. Sannan ka buga:

ffmpeg -f concat -safe 0 -i jeri.txt -c copy cikakke.mp4

Wannan -c copy shi ke hana sake matsi. Girman fayil zai zo kusan daidai da jimillar guntayen, kuma nan da nan zai gama. In ba ka son rubuta umarni, manhajojin LosslessCut da MKVToolNix suna yin aikin.

Amma fa sai guntayen sun zama iri ɗaya: kodek (tsarin da aka matse bidiyon da shi), faɗi da tsayin hoto, yawan hotuna a daƙiƙa, har da sautin. Duba su da manhajar MediaInfo tukuna. In wani guntu yana da hotuna 30 a daƙiƙa wani 25, ko an ɗauki sautin wani sau 44100 a daƙiƙa wani sau 48000, za ka ga leɓe ya motsa murya ta biyo baya. A nan sai ka sake matse wanda ya bambanta kaɗai da libx264 (abin matse hoto a cikin FFmpeg) a kan -crf 18 (matakin ingancin hoton), ka daidaita shi da sauran har da sautinsa, sannan ka liƙa.