Ina aka binne Ibro, kuma me ya sa ba a ganin kabarinsa a hoto?

Malam, ka tambayi inda aka binne Rabilu Musa Ɗan Ibro da dalilin da ba ka taɓa ganin hoton kabarinsa ba. To a mahaifarsa aka rufe shi, Danlasan a ƙaramar hukumar Warawa, jihar Kano, bayan ya rasu ran 10 ga Disamba 2014 sakamakon ciwon ƙoda, Allah ya jiƙansa da rahama. Mutane da yawa ma sun manta wai ma'aikacin gidan yari ne shi kafin ya ajiye kaki ya shiga fim, kuma wallahi har yau ban ga wanda ya maye gurbinsa a barkwanci ba.

Batun hoto kuwa ai mu nan ba kamar Amurka ba ne da ake yi wa jarumai ginin dutse a maƙabartar Forest Lawn da suna da shekaru a jiki, mu an yi wanka an sa likkafani an yi sallah, a jera itace ko tukwane a mai da ƙasa, bayan 'yan damina sai 'yan uwa kaɗai ke gane wurin. In ziyara kake so ka fara neman iyalansa su nuna maka, ka bar wayarka a aljihu.