Amsar Anti kan bidiyon Baturen nan mai buɗaɗɗen siket

(Muryar da Anti ta turo guruf ɗinmu na masu ɗinki daga Ingila. An rubuta ta ne saboda waɗanda ba su samu sun saurara ba.)

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yanzu na buɗe waya na tarar saƙonni sun taru, duk a kan bidiyon nan da ƙanwata ta turo, na ƙaton Baturen da ya sha hoda da janbaki, ya saka siket ya buɗe ya cika dandamali. Wata ta ce 'yan daudun Ingila ne, wata ta ce a goge, Hajiya kuma ta kawo hadisi. To, duk na ji. Amma ku koma ku sake karanta abin da yarinyar nan ta rubuta. Cewa ta yi, me ya sa siket ɗin ya tsaya haka bai kwanta ba, alhali namiji ne ba shi da kwatangwalo? Tambayar tela ce wannan, kuma har yanzu babu wadda ta ba ta amsa.

Ƙanwata, ba yawan yadi ba ne. Ki riƙe wannan tukuna. Abin da ke ƙarƙashi ne. Fatari ne, sai dai ba irin namu na kakanni mai kwanciya a jiki ba, na net ne mai tauri, hawa-hawa, wanda telolin amare suke ce wa fetikot. In kika cire shi, siket ɗin nan ko yadi ashirin aka zuba masa lanƙwashewa zai yi ya manne a cinya.

Shi kuma wasan da kika gani, fanto suke ce masa a nan. Na ƙarshen shekara ne, daga Disamba zuwa farkon Janairu, kuma yara ake kaiwa, makarantu ma kan ɗebi ɗalibai a mota su je. A cikinsa akwai wata tsohuwa mai baki, uwar jarumin ko mai wankin gari, suna ce mata Dem, kuma a al'adarsu namiji ne ke fitowa a ita. Ba ya ɓoye muryarsa, ba ya son ki ɗauka mace ce, kowa ya san ƙato ne, nan abin dariyar yake. Tsohon abu ne. Akwai wani Dan Leno da ya yi suna da wannan fitowa a gidan wasan Drury Lane na Landan, daga 1888 har kusan rasuwarsa a 1904. Ko Ian McKellen, babban ɗan wasansu mai lambar Sir, ya fito a Dem a gidan wasan Old Vic a 2004. In an koma can baya ma, zamanin Shakespeare, mata ba sa hawa dandamali a gidajen wasan Ingila, samari ne ke fitowa a mata, sai a 1660 aka fara barin mata. Kun ga ke nan telolinsu sun daɗe suna fama da tambayar nan taki, yadda za a sa jikin namiji ya ɗauki kayan mace.

Na yi aiki a ɗakin kaya na wani gidan wasa a nan, shi ya sa nake magana da ƙarfi. Da hannuna na tattara net ɗin. Bari in gaya miki yadda ake yi.

Mace in ta ɗaura siket, ƙugunta ya shiga ciki, kwatangwalo ya fito, sai kayan ya samu wurin zama. Namiji kuwa awon ƙugunsa da na kwatangwalonsa kusan ɗaya ne, wani ma tumbi ya fi ƙasan faɗi. Saboda haka in kika yi masa fetikot irin na amarya, mai roba a ƙugu, nauyin net ɗin zai riƙa jan sa ƙasa, yana tafiya yana zamewa. Ba a saka roba. Mazagi ake sakawa mai ƙarfi, ko kuma a ɗinke fetikot ɗin gaba ɗaya a jikin wata 'yar shimi, kafaɗa ta ɗauki nauyin. Sannan ba a wurin da yake ɗaure wando ake ɗaurawa ba. Sama ake kaiwa, a wuce cibiya, ƙasan haƙarƙari, don nan ne wurin da ya fi sirantaka a jikinsa. Daga nan sai a ɗinka 'yan matasai biyu na soso ko auduga a gefe da gefe, wani lokaci har da baya, net ɗin ya hau kansu ya zubo. Idon mai kallo ba ya auna ƙugu da tef. Yana ganin ƙasa ta buɗe, sai ya ga kamar sama ta tsuke, kafaɗar nan mai faɗi ma sai ta daina tsone ido.

Hawan net ɗin kuma, na sama gajere ne, na biyu ki ninka tsawon zagayensa, na uku ki ninka na biyu, kina tattarawa kina ɗorawa. Zare biyu za ki bi da shi wajen tattarar, kar ki yi ɗaya, yana tsinkewa a tsakiya ki koma farko. Kuma don Allah ki yi masa shafi na yadi mai laushi daga ciki. Bakin net mai tauri in ba a kalmashe shi da kirtani ko ribon ba, yankar ƙafa yake yi, ya ja zaren safa, ya bar jan tabo a ƙwauri. Na ga mutum ya sauko daga dandamali ƙwaurinsa duk ya yi rudu-rudu, saboda wanda ya yi ɗinkin ya yi rowar shafi. Tsawonsa kuma ya gaza na siket da kamar inci ɗaya, kar ya leƙo. Af, banda na Dem, su da gangan suke barin sa ya leƙo, har da dogon wando mai kala-kala a ciki don in ya faɗi ƙafa ta yi sama yara su yi dariya.

Maganar yadin nan ita ce ke ci mini rai har yau, wallahi. Tun ina gida kafin in taho, wata uwar amarya ta kawo mini hoto a waya, riga ce ta buɗe ta cika ɗaki, ta ce irinta take so sak. Na ce Hajiya, wannan akwai net a ƙasanta, kuɗinsa daban ne. Ta ce a'a, wayon teloli ne, ita za ta ƙaro yadi. Ta ƙaro, mai tsada kuwa, mai nauyi. Na ce Hajiya, nauyi ƙara kwantar da shi zai yi. Ba ta ji ba. Ranar da aka zo gwaji riga ta zube a ƙasa, amarya na taka ta. Sai matar nan ta dube ni a gaban yaran shagona ta ce na ci mata yadi. Ni! Na ɗauko ragowar ƙyallayen a leda na zube mata a kan tebur, na ce a auna. Ba ta auna ba, ta kwashi kayanta, ta bi dangi tana cewa kar a kawo mini ɗinki. Daga baya na ga hotunan bikin, an kai wa wata ta saka mata net ɗin da na ce tun farko, riga ta tashi. Ko sannu ba ta dawo ta ce mini ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce, har yau in kika ce wa kwastoma kuɗin fetikot daban, sai ta yi miki kallon ɓarauniya. Abin da ba a gani shi ne ba a son biya. To, bar wannan, raina ne ke ɓaci.

Ina na tsaya? Yauwa. Akwai kuma mai zobe. Wannan na bidiyon ma da na sake kallo, ina jin haɗawa aka yi, zobe a ciki net a sama, don yadda yake lilo in ya juya. Tarihinsa shi ne, matan Turawa a da fatari biyar ko shida suke jibgawa, wani ma da gashin doki aka saƙa shi don ya yi tauri. Ga nauyi ga zafi. Sai a 1856 aka fito da na zoben ƙarfe, siraran ƙarafa a jere an haɗa su da ɗamara, kamar akurkin kaji, mace ta shiga ciki. Ya fi sauƙi, iska na shiga. Amma in ba ki iya zama da shi ba, kina zama gaban zai ɗaga sama. Shi ya sa namijin da zai saka sai an koya masa: ya ɗaga zoben baya da hannu kafin ya zauna, ya zauna a bakin kujera, ya shiga ƙofa a karkace, ya rage faɗin taku. Wanda ya saba da wando duk rayuwarsa ba ya sanin inda gefen kayansa ya kai, sai ya yi ta ture abubuwa.

Na net ɗin da muka sani yanzu kuwa bayan yaƙin duniya na biyu ya yi tashe. Lokacin yaƙi yadi ma rabonsa ake yi da kati a Ingila, siket duk tsukakke. A 1947 Christian Dior ya fito da ɗinkinsa a Faris, ƙugu a tsuke ƙasa a buɗe, sai duniya ta bi. A shekarun 1950 'yan mata na tsoma fetikot ɗin nailan a ruwan sukari su shanya don ya yi tauri. Kar wadda ta gwada wannan a Kano, kiyashi ne zai bi ki har gado, ga sitati nan.

To, Hajiya, na dawo kanki, don ban yi watsi da maganarki ba. Hadisin gaskiya ne, yana cikin Bukhari daga Ibn Abbas, an la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Ban ja ba, kuma hukuncin wanda ya yi don wasa da wanda ya yi don rayuwa, na malamai ne, ba na tela ba. Abin da nake cewa kawai, mu san me muke kallo kafin mu saka masa suna. A nan akwai kala-kala. Akwai na fanto, yana gamawa zai wanke fuska ya saka wandonsa ya hau bas. Akwai kuma waɗanda suke sakawa don haka suke so a ransu, ba wasa ba. Misali Grayson Perry, mai yin tukwanen zane, yana da mata da 'ya, kuma a 2003 da ya ci kyautar Turner, babbar kyautar masu zane ta nan, cikin rigar mata mai buɗewa ya je ya karɓa. Irinsu suna son siket na 1950 ɗin nan saboda dalilin da na faɗa, yana ɓoye rashin kwatangwalo. Shi dai ba ɗaya yake da Dem ba, kuma dukkansu ba ɗaya suke da 'yan daudunmu ba, waɗanda nasu ya fi yawa a magana da karairaya da sana'ar abinci, in an yi shiga ma zane ne. Mu kanmu a tashe, daga goma ga azumi, ba mu ga yara maza sun ɗaura zane da ɗankwali suna bin gida-gida ba? Wa ya ce musu 'yan daudu? Ko ƙudirin da wani ɗan majalisar wakilai daga Bauchi ya kai a 2022 na hana maza shigar mata, ya ware masu wasan kwaikwayo a ciki. Shi ma ya san akwai bambanci. Ni dai ba na son mu zama masu zagin mutum daga bidiyon daƙiƙa talatin, shi ke nan.

Abu ɗaya da ya fi duk wannan muhimmanci gare mu, kuma ku saurara da kyau masu ɗinkin amare: wuta. Siket mai buɗewa cike yake da iska, kuma mai shi ba ta jin zafi sai ya riga ya kama. Zamanin zoben ƙarfe mata da yawa sun mutu a haka, daga tsayawa kusa da murhu. A Santiyago ta ƙasar Chile, ranar 8 ga Disamba 1863, gobara ta tashi a wata coci, mutum sama da 2,000 suka mutu, yawancinsu mata, kuma faɗin kayansu na cikin abin da ya cushe ƙofofi. A gidan wasa a nan ba a yarda kaya ya hau dandamali kusa da wuta sai an fesa masa maganin hana kamawa. Mu kuwa fa? Amarya ta saka fetikot na nailan, sai a kawo kaskon turaren wuta a ce ta tsaya a kai. Nailan ba ci kawai yake yi ba, narkewa yake yi ya manne a fata. Don girman Allah ku gaya wa kwastomominku da bakinku ranar da suka zo karɓar kaya. A turara rigar ita kaɗai a kan kabbasa, a turara jiki, a kawar da kaskon, sannan a saka net ɗin a ƙarshe.

Ƙanwata, in amarya ce za ki yi wa, turo mini awon ƙugu da tsawo daga ƙugu zuwa ƙasa da takalmin da za ta saka, da hoton yadin, in lissafa miki net ɗin da za ki saya. Kuma in ya kwanta a leda kar ki sa masa dutsen guga, ki rataye shi kai ƙasa a banɗaki tururin ruwan zafi ya buge shi, zai tashi.