Amsa kan suwica ta fedal: inda kaifin gitar yake ɓacewa

Ɗan'uwa, ka ce fedal shida ka jera, wato akwatunan canza sautin gitar da ake takawa da ƙafa, kuma ko duk suna kashe, gitar ba ta da kaifin da take yi idan ka jona ta kai tsaye da ampili. Kana tambaya ko suwica, na'urar da ke zaɓen fedal ɗin da sauti zai bi, za ta gyara. Za ta gyara, amma in babu bafa, na'urar da ke ƙarfafa sauti don kada waya ta shanye shi, rabin aiki ta yi.

Sautin da mikoron gitar ke fitarwa rarrauna ne. Kowace mita ta waya tana ɗauke da kusan pikofarad 100 (ma'aunin cajin da waya ke riƙewa), kuma yawansu ne ke shanye siririyar muryar sama. Lissafa: mita 5 daga gitar, mita 5 zuwa ampili, ga gajerun wayoyi biyar tsakanin fedal, ga ramukan jonawa goma sha biyu, kowane da ƙurar hunturun Yamai a ciki. Dole murya ta dushe.

Suwica, irin Boss ES-5 mai hanya 5 ko ES-8 mai 8, tana ba kowace fedal hanyarta ta fita da ta dawowa. Fedal tana nan a kunne, amma sai ka taka maɓallin hanyarta a kan suwica sauti yake bi ta cikinta. In ba haka ba ya wuce abinsa, bai taɓa ta ba, bai taɓa wayoyinta ba. A wurin biki wannan babban rufin asiri ne: waya ɗaya ta mutu, ka fitar da hanyar, kiɗa ya ci gaba.

Dogayen wayoyin nan biyu kuwa suwica ba ta rage su. Duk wayar da ke bayanta, har da mai zuwa ampili, aikin bafa ke nan, mai mashiga megawom 1 (ma'aunin turjiyar lantarki). Kunna ta a farkon layi. Sai dai tsohuwar faz, fedal mai sa sauti ƙaiƙayi, irin Fuzz Face ba ta jituwa da bafa a gabanta, muryarta takan yi tsini mara daɗi, don haka ita ce a gaba, bafa a bayanta.

Ka lura da dile, fedal mai maimaita sauti: da ka rufe hanyarsa amsa-kuwwar za ta yanke nan take, sai in suwicar tana da tsarin barin wutsiya.

Gurnanin 50 Hz kuma ba laifin jeri ba ne, yawanci daga wuta yake, musamman kan gurup, wato janareto. Nemi mai raba wa fedal wuta volt 9 wanda kowace mafita take ware, ka daina jan fedal shida da waya guda. Kafin ka kashe kuɗi, goge ramukan nan da feshin wanke mahaɗar lantarki ka sake saurare.