Tambaya da Amsa: Jama'a sai ƙaruwa suke a Zariya, to ina aikin yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni matashi ne daga Tudun Wada, na gama digiri na yi bautar ƙasa na dawo gida, har yau ba aiki, duk inda na kai takarda sai a ce ba gurbi. Babana kullum zancensa kenan wai a zamaninsu aiki ne ke neman mutum a Zariya. Dan Allah mutane ne suka yi yawa ko aikin ne ya gudu? Kuma shawararka in tattara in tafi Abuja ne ko in zauna?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya kawo mafita. Maganar Baba gaskiya ce, kuma duka biyun da ka faɗa sun faru lokaci guda, shi ya sa abin yake mana zafi haka.

Bari mu fara da mutane. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ita ce ta 2006, wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. A waccan ƙidayar jihar Kaduna na da mutum miliyan 6.1, ƙaramar hukumar Zariya sama da dubu 400, Sabon Gari kuma kusan dubu 290, kaga idan ka haɗa biyun wajen dubu 700 kenan tun wancan lokacin. Jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari duk shekara tana ninkawa ne cikin shekara 23 ko 24, don haka ko ba wanda ya ƙirga mu, lissafi ya nuna Zariya da Sabon Gari sun haura miliyan ɗaya. Ai ko ido ma ya isa shaida, ka je Dakace ko Gwargwaje ko bayan Hanwa da Bomo ka gani, wuraren da ake noman dawa da masara a da yanzu duk an yanka fuloti an yi gini. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce a arewa maso yamma mace ɗaya na haihuwar yara 6.6 a matsakaici, kuma wajen rabin 'yan Najeriya ba su kai shekara 19 ba. Ma'ana duk shekara akwai tarin samari da 'yan mata da ke shigowa neman abin yi, waɗanda ke yin ritaya kuwa 'yan kaɗan ne.

Ga kuma waɗanda suka shigo ba da son ransu ba. Mutanen ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari da wani sashe na Igabi da 'yan bindiga suka hana noma, da yawansu nan suka dawo, manomi mai gona da shanu ya koma leburanci ko acaba ko tura baro a kasuwa. Wallahi wannan yana ci min rai, domin asara biyu ce, gona ta zauna ba mai nomawa, a gari kuma an ƙara mai neman aikin da dama bai wadata ba.

Sai ɓangaren aikin. Zamanin da Baba ke magana, Zariya na tsaye ne a kan abu uku. Akwai jirgin ƙasa, layin dogo ya iso nan wajen 1911, daga baya aka ja wani reshe zuwa Gusau da Ƙaura Namoda, garin ya zama mahaɗa, kuma Sabon Gari kanta da jirgin ta girma. Akwai auduga da gyaɗa da taba, da injin gurzar auduga da kamfanin taba da sauran masana'antu a wajen Cikaji, sannan ga masaƙun Kakuri a Kaduna da ke shanye audugar manoman ƙasar Zazzau, irin su masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe tun 1957. Na uku shine makarantu da cibiyoyin gwamnati, Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da aka kafa 1962, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama 1964, cibiyar binciken noma ta Samaru, asibitin koyarwa, Dafo na sojoji. To jirgi ya kwanta, KTL ta rufe a 2002, masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) ta tsaya a 2007, auduga ta rasa mai saye manomi ya bar ta. Abin da ya rage da ƙarfinsa shine na ukun, shi kuwa aikin gwamnati ba ya faɗaɗa yadda jama'a ke faɗaɗa, jami'a na yaye dubban ɗalibai duk shekara amma ita kanta wa za ta ɗauka, sai in wani ya yi ritaya ko ya rasu.

Amma ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani, kuma shine ainihin amsata gare ka. Mu 'yan gari mun saba kallon Zariya daga Kofar Doka zuwa PZ zuwa Kwangila zuwa Samaru, shikenan. Alhali tattalin arzikin wajen nan na ƙananan hukumomi da yawa ne a haɗe. ABU ɗin da muke alfahari da ita a ƙaramar hukumar Sabon Gari take, asibitin koyarwa na Shika kuma a ƙasar Giwa. Raken da ake sha da mazarƙwaila daga Makarfi suke zuwa, tumatir da tattasai daga Hunkuyi ta Kudan da Ikara da fadamun Galma, masara da waken suya daga Giwa da Soba da Kubau har Saminaka ta Lere. Kuɗin gaske a can yake fitowa, mu kuma a gari muke da makarantu da bankuna da titi da masu ilimi. Matsalar ita ce kayan na wucewa ta gabanmu ɗanye, tirela ta ɗauki masara ta kai wa kamfanin abincin kaji, ta ɗauki tumatir a kwando ta nufi Legas wani ya ruɓe a hanya, ribar sarrafawa duk wani ke ci.

Tsakanin gona da kasuwa nan ne aikin da ya rage, kuma nan ne mai ilimi irinka yake da amfani. Sito na ajiye hatsi daga kaka zuwa bazara, injin casa da niƙa, busar da tumatir da tattasai da tsafta a zuba a leda, kiwon kaji da haɗa musu abinci, sayar da iri mai kyau da taki da maganin feshi tare da yi wa manomi bayanin yadda ake amfani da su, gyaran famfon ban ruwa da haɗa sola, riƙe wa dillali lissafi. Irin masara da dawa da wake da ake nomawa a arewa da yawa a Samaru aka samar da su, cibiyar binciken dabbobi na Shika, ta fata da kiraga na nan Zariya, wato ilimin a ƙofar gidanmu yake amma yaranmu da yawa ba su taɓa leƙawa ba. Ba na ce abin da sauƙi ba, jari matsala ne, wuta matsala ce, hanyar wasu ƙauyukan akwai tsoro. Amma wanda ya yi shekara ɗaya a ƙarƙashin wani babban dillalin hatsi yana koyon awo da farashi da mutane, ya fi wanda ya yi shekarar yana zaga ofis da fayil a hammata.

Batun Abuja kuwa, in akwai aiki a hannu ko wani tsayayye da zai riƙe ka, ka tafi, Allah ya sa albarka. In ba haka ba kar ka tafi da ka, kuɗin haya da na mota kawai za su cinye ɗan abin da ka tara. Ka ci gaba da cike gurbi in an buɗe, ba wanda ya hana, amma kar ka zauna jiransa.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni uwa ce a Samaru, ina da ɗan shago da ɗakuna da nake ba ɗalibai haya. Na ɗan tara kuɗin adashi, yarana na cewa in ƙara ɗakuna, ni kuma tun yajin aikin nan gabana ke faɗuwa. Me ka gani?

Amsa: Lafiya lau Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Tsoronki yana kan hanya. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata 8 ya ɗauka, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma duk wanda ke Samaru da Zango da Palladan ya ga yadda kasuwa ta mutu, mai shayi da mai fotokofi da mai keke napep da mai abinci kowa ya ji a jikinsa. Unguwar da cinikinta kacokan ya rataya a kan ɗalibai haka take, rana ɗaya za a rufe get komai ya tsaya.

Ɗakin haya ba asara bane, tunda jama'a ƙaruwa suke buƙatar muhalli ba za ta ragu ba. Amma ni a ganina in za ki gina, ki yi ciki da falo wanda ma'aikaci ko sabon ango zai iya kamawa, kar ki yi duka irin na ɗalibai. Sauran kuɗin kuma ki sa a abin da mutanen gari ke saye ko ana karatu ko ba a yi, kamar hatsi da kaka ko injin markaɗe, sai dai ki tuna farashin hatsi na hawa yana kuma sauka, wasu sun saya da tsada sun sayar da araha, kar ki zuba duka wuri guda. Kuma dan Allah Hajiya in 'yan matanki na da sha'awar sana'a ki ba su jari su ma, matan cikin birni sun daɗe suna riƙe gida da ɗinkin hula da aikin hannu na manyan riguna, yanzu ga waya ana tallata kaya a WhatsApp da Facebook har a aika Kano da Abuja.

Tambaya: Malam na ji a rediyo wai rashin aikin yi a Najeriya ya sauko ƙasa da kashi 5 cikin ɗari. Mu a Sabon Gari majalisarmu kusan kowa zaman banza yake. Ƙarya ake mana ne?

Amsa: Ɗan'uwa ba ƙarya bace kai tsaye, ma'aunin aka canza. A ƙarshen 2020 hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta ce marasa aiki kashi 33.3 ne. A 2023 ta koma sabon tsari irin wanda ƙungiyar ƙwadago ta duniya ke bi, inda duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko da na awa ɗaya ne a mako ana lissafa shi mai aiki, sai adadin ya dawo 4.1 a farkon shekarar. To kaga wanda ya karɓi mashin ɗin abokinsa ya yi acaba da yamma, da mai zama a teburin POS, da yarinyar da ke tallan awara, duk masu aiki ne a takarda.

Adadin da ya kamata ka riƙe shine wanda hukumar ta bayar tare da wancan, cewa sama da kashi 90 na masu aikin suna ɓangaren da ba albashi tsayayye, ba fansho, ba takardar ɗauka. Wannan shine Zariyar da ni da kai muka sani. Mutane ba zaune suke ba, fafutuka suke daga safe har dare, abin da ake samu ne ba ya kai wa, musamman tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota da na abinci suka tashi. Mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 ma'aikacin gwamnati da na babban kamfani ya shafa, ɗan acaba da mai faci ba su cikin lissafin.

Shi ya sa nake ganin idan 'yan siyasa suka zo majalisarku neman ƙuri'a, ku bar zancen kashi nawa ne, ku tambaye su abin da ake gani da ido. Yaushe manomin Giwa zai koma gonarsa ya kwana lafiya, yaushe wuta za ta zauna a Cikaji har mai ƙaramin inji ya daina ƙona dizal, ina aka kwana kan bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano (AKK) da aka ƙaddamar a 2020 da layin dogon Kaduna zuwa Kano da aka fara a 2021, kuma me Zariya za ta samu a ciki. Sannan ku matsa a yi ƙidaya, domin yanzu ana tsara aji da gadon asibiti da ruwan famfo ne da ƙiyasin da aka ɗora a kan lissafin 2006, lokacin da yawancin abokan zaman majalisar taku ko firamare ba su gama ba.