Layinmu ya mutu Malam, mu tashi ko mu zauna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne, ina ɗan sayar da yadi kuma, a wani layi cikin garin Kano kusa da kasuwar Kurmi, shagon ma wajen mahaifina na gada. Da idan azumi ya kama layin nan wajen taka ƙafa babu, amma yanzu shaguna da yawa a kulle suke, wasu an mayar da su sito, kwata ta toshe tana wari, magariba na yi kowa ya ja ƙofarsa saboda masu ƙwacen waya. Yarana sun dame ni wai in koma Zoo Road ko in dinga talla a WhatsApp kawai. Mun kai kuka wajen hukuma shiru kake ji. Dan Allah me ya kamata mu yi? Daga wani tela a cikin birni.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifinka. Ni dai shawarata kar ka tashi tukuna, amma kuma kar ka zauna jiran hukuma, don abin da ya kwashe muku mutane ba abu ne da wani ofis zai gyara da takarda ɗaya ba.

Kaga gari ne ya faɗaɗa. Waɗanda suke kawo wa mahaifinka ɗinki jikokinsu yanzu suna Rijiyar Zaki, Hotoro, Mariri, Danbare, kuma kowace unguwa an yi mata filaza a bakin titi. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013, to acaɓa kuwa shi ne yake kai mutum har ƙofar shago cikin lungu, adaidaita sahu a bakin titi zai sauke ka ka ƙarasa da ƙafa. Ga masaƙu da kamfanonin Bompai da Sharada da Challawa da suka durƙushe, ma'aikatansu masu albashin wata su ne da suke ɗinkin sallah na gida guda. Sannan aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, mutum sai ya yi lissafi kafin ya shigo gari saboda yadi huɗu.

Amma ita Kurmi ba yau ta fara ganin irin wannan ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, ƙarni na 15, fatake daga hamada suna sauka da raƙuma, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 babban ciniki ya karkata wajen Fagge da Sabon Gari, kuma har yau ana buɗe rumfa a Kurmi. Abin da ya riƙe ta shi ne akwai kayan da sai can mutum zai samu yadda yake so, kayan dukanci, kayan doki, littattafan addini, kayan ƙamshi. Haka kasuwannin Kano suke gaba ɗaya, Kwari yadi da atamfa, Dawanau hatsi, Farm Centre waya, 'Yan Kaba kayan gwari. To ku layinku da me aka san shi? Idan ɗinki ne, sai ku sa ya zama mutum ya shigo da shadda ya fita da komai a gama, mai yanka yana nan, mai surfani yana nan, mai hula, mai guga, mai maɓalli da zare, mai POS, har mai shayi saboda mai jiran kaya ya samu wajen zama.

Wajen da aikin yake da wuya shi ne shagunan nan da suke a kulle, kuma nan nake so ku fi ba da ƙarfi. Ku zauna ku da kuka rage, ku bi layin ƙofa ƙofa da littafi, wannan na waye, wancan na waye. Za ka tarar da yawansu na gado ne, magada sun yi yawa, wani yana Abuja wani yana Saudiyya, an kasa rabawa an kasa sayarwa sai aka danna kwaɗo kawai, rufin yana yoyo ba mai lura. Kar ku je ku kaɗai, ku ɗauki mai unguwa da limamin masallacin layin, don akwai dattijon da ba zai saurari tela ba amma idan liman ya yi sallama zai shimfiɗa tabarma. Abin da za ku roƙa kaɗan ne, a ba da shagon wata shida a haya mai sauƙi, a dinga biya wata wata maimakon shekara guda a dunƙule, ku kuma ku ɗauki gyaran rufi da fenti. A rubuta, shaidu su sa hannu. Yaran da kuka yaye suke ɗinki a zauren gidajensu su za ku saka a ciki, suna da kwastomomi a waya amma ba su da kuɗin shekara, ku kuma kuna da layi ba mutane.

A Ingila ma sun sha fama da shagunan tsakiyar gari da suke rufewa saboda manyan kantunan bayan gari da sayayya ta intanet, har a 2011 suka yi dokar da idan za a sayar da wani gini da jama'ar unguwa suka yi wa rajista a matsayin mai amfani gare su, ana iya dakatar da cinikin wata shida don su haɗa kuɗi su taya. Mu abin da muke da shi a hannu shi ne adashi da aikin gayya da kunyar manya, kuma wallahi suna aiki idan aka riƙe su da gaskiya.

Kwata kuwa kar ku jira kowa. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli ku fito da shebur da baro, ku nemi a turo motar kwashe shara tun kafin ranar, don idan aka tara dagwalon a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi ciki. Kowa ya ga asarar da ambaliya ta yi wa 'yan Kwari a damunar 2022. Sai fitila, ku sa ta sola ko guda uku ce a fara, a bakin layi da tsakiya da ƙarshe, a ɗaure ta sama sosai. Ku ɗauki 'yan sintiri da sanin 'yan sandan yankinku, ku kuma yi alkawari tsakaninku ba mai rufewa sai bayan isha, don shago ɗaya a buɗe cikin duhu shi ɓarawo yake nema. Ku kira mai gyaran wuta ya duba wayoyin tsofaffin shagunan kafin a kunna komai, gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba wanda ya manta da ita.

Kuɗin ƙungiya shi ne yake raba zumunci, abin yana min ciwo duk sanda na ji ƙungiya mai kyau ta watse a kansa. Ku yi rajista, ku buɗe asusun banki da sa hannun mutum uku, duk wata a liƙa lissafi a bango a kuma tura a gurup. Ɗan siyasa idan ya kawo fitila ku karɓa ku yi godiya, amma kar a ba shi shugabanci. Tallan WhatsApp da yaranka suke faɗa kuma ka bar su su yi, su dinga ɗaukar hoton ɗinkin suna rubuta sunan layin a ƙasa.

TAMBAYA: Malam ni matar aure ce a Gwammaja, ina sayar da turaren wuta da humra ta waya, ba ni da halin kama shago. Akwai yadda zan amfana da irin waɗannan shagunan da ake rufewa?

AMSA: Akwai Hajiya. Ku haɗu ku huɗu ko biyar masu sana'a a gida, mai humra, mai mayafi, mai kayan yara, ku kama shago ɗaya kowa da kantarta, ku sa yarinya ko yaro amintacce da littafin shige da fice. Kwastoma ta zo ta shinshina turaren da kanta kafin ta biya, mai kai saƙo kuma ya ɗauki kayanku duka a waje ɗaya, kuɗin aike ya ragu. Ki fara shawara da maigida, sannan ki tambayi mai unguwarku wane shago ne ya daɗe a kulle kusa da ku, ki kuma tabbatar kun yi magana da mai shagon kansa kafin ku ba dillali ko sisi.