Babur mai silinda ɗaya samfurin da: a saya ko a haƙura?

Tambaya: Malam, babur irin Royal Enfield Classic 350 yana burge ni, amma abokaina sun ce ba ya gudu, ga jijjiga. Me ake so a jikinsa, kuma me zan tarar in na saya?

Amsa: Abokanka ba su yi ƙarya ba. Ƙarfin doki 20 gare shi, ga nauyin kilo 195, in ka kai kilomita 100 a awa za ka ji ya fara haki. In gudu kake nema, duba wani.

Daɗinsa a bugun injin yake. Fistan ɗaya ne, wuta ke kamawa sau ɗaya a kowane juyi biyu na injin, shi ya sa kake jin "dum, dum, dum" daki-daki daga salansa. Tun injin bai ɗau zafin juyi ba yake ja, sai ka hau tudu a giya ta uku ba tare da wahalar da kuloci ba. Wannan bugun kuwa shi ne jijjigar da abokanka ke kuka da ita. Tsofaffin Bullet, wani samfurin Royal Enfield da aka fara haɗawa a Madras ta Indiya a 1956, har noti suke kwancewa, madubi ya yi ta rawa. Sabon injin da aka sa wa Classic a 2021 an ƙara masa sandar da ke kashe yawancin jijjigar. Wasu tsofaffin mahaya ma cewa suke an rage masa armashi, ni dai hannuna ya huta.

Wajen gyara, filogi ɗaya, bawul biyu, iska ke sanyaya shi. Ka kiyaye lokacin canza baƙin mai, ka riƙa shafa wa sarƙa mai, a duba bawul yadda littafin babur ya tsara.

In tsoho za ka saya, kamar Yamaha SR400 da ya fito a 1978, ka san ba shi da sitata, da ƙafa ake tayar da shi. Akwai ɗan hannu na rage matsin silinda don tayarwar ta yi sauƙi. Wanda bai iya ba, kik ɗin zai dawo ya bugi ƙafarsa. Ka je da sassafe injin na sanyi, ka sa mai shi ya tayar a gabanka. Kafin ka biya kuɗi, ka tabbatar akwai makanikin da ya san shi, da inda za ka samu kayan gyaransa.